Turancin gayu a gaban likita

Jama'a, yau Turancin gayun nan nawa ya kusa ja mana bala'i.

Da safe muka ɗauko Hafsatu, ɗiyar yayata, daga Tungar Guru zuwa asibiti a Anka. Ni da Inna kan mashin ɗaya, yarinya a tsakiya, jikinta zafi rau. Likitar baturiya ce, tafintanta kuma ya fita.

Inna ta zungure ni. "Ba kai ka wuni kana Turanci da waya ba? Hwaɗa mata."

Na gyara tsayuwa, na sako irin na mawaƙan Amurka, har da taune kalmomi. Likita ta tsaya tana kallona. Na ƙaro wani. Ta girgiza kai. Sai idon Hafsatu ya fara juyewa!

Likita ta ce da ni a hankali, "Ni ma a makaranta na koyi Turanci, ba harshenmu ba ne. Yi mani irin wanda malaminka ya koya maka."

Nan take na ajiye gayu. Na koma na firamare: tana zazzaɓi, tana amai, ba ta cin abinci, ana niƙa dutsen zinariya a gidansu. Ban rufe baki ba ta kira nas, aka ɗebi jini don gwajin dalma, gubar da ke cikin ƙurar dutsen nan. Yanzu dai Hafsatu tana barci.

Inna ta harare ni ta ce, "Na bayan ga shi ne Turanci. Na hwarin, ko ni na san ba ka ce komi ba."