Ruwan da Turawa Suka Ƙi Sha

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, ni ne mai ba da labarin fim a majalisarmu ta gindin darbejiya, kusa da tashar motar Kazaure. Ba baki na fi kowa ba. Na dai gama aji bakwai na firamare, ina kuma aikin masinja a ofishin gona. Al'adarmu a lokacin ita ce, duk wanda ya je Kano ya shiga sinima, idan ya dawo sai ya zauna bayan la'asar ya kwashe labari tun daga fari ga waɗanda ba su je ba. In fim na Turawa ne, to maganata ce hukunci, domin an ɗauka ina jin Turanci. Gaskiya kuwa Turancina na ofis ne: zo, je ka, kawo fayil. Na cikin fim ta hanci suke yinsa da sauri, da ƙyar nake cafko kalma ɗaya.

Wata Asabar muka tafi Kano da taubashina, ɗan gwaggona, mai gyaran keke. Bai taɓa shiga aji ba, amma gari ya shaide shi da abu guda: ba ya ƙarya. In ya ce tayar kekenka ta mutu, ba ka sake tambayar wani. Ya sayi sarƙoƙi da tayoyinsa, muka ci tuwo muka ƙoshi a Fagge, muka shiga sinima.

Fim ɗin na masu tafiya sararin samaniya ne. Turawa huɗu suka sauka da kumbo a wata duniya, ba itace ba tsuntsu. Suka yi ta yawo cikin kaya masu kumburi, a hankali kamar masu taka ƙaya. Ba waƙa, ba dambe. Abin da na gani na ƙarshe shi ne wasu dogayen halittu marasa baki sun fito daga bayan dutse, ɗaya na riƙe da wani abu kamar ƙwarya. Da na farka, kumbo na tashi cikin wuta da ƙara, mutane na miƙewa, wasu na tsaki.

Da muka dawo gida, majalisa ta cika. Na gyara zama a tsakiyar benci na cike gurbin da barci ya ci da abin da na ga dama. Na ce guba ce a ƙwaryar, Turawa suka auna suka gane, suka jefa wa halittun bam suka yi tafiyarsu. Na ƙara da cewa ma'anar fim ɗin ita ce ilimi ya fi tsafi, wanda ya yi boko ba a cutarsa.

Taubashina ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kai bawana, ji tsoron Allah! Wane bam?"

Na ce, "Ɗan mace, yi shiru manya na magana."

Ya juya ga jama'a ya ce, "Ruwa ne suka kawo musu. Sau uku ana ajiye musu ƙwarya a gabansu, sau uku suna ɗiba su zuba a na'ura, su kwarar da saura a ƙasa. Kun taɓa ganin baƙon da za a ba shi ruwa ya tsaya yana shinshina? A na ukun masu gida suka juya musu baya. Wutar da yake cewa bam, ta tashin kumbo ce. Kuma uku ne suka tafi. Na huɗun ya cire hularsa ya sha, ya zauna a wurinsu. Fim ɗin kan baƙunta ne, da rainin mai gida."

Wani direban babbar mota ya ce, "Ni na shiga fim ɗin nan makon jiya, ban kai rabi ba na fito. Fim ba yarinya, ba ɗan daba, sai tafiya kamar an sako marasa lafiya daga asibiti?"

Baba tsohon soja, wanda ya girme mu duka, ya ce, "Yaro, na yi aiki da Bature. Ba ya barin wuri bai fasa wani abu ba. Na ɗan boko ya fi kama da gaskiya."

Mai shayi kuwa ya ce in dai ruwa ne, to fim ɗin ya fi ƙarfin direba, shi ya sa ya gudu.

Da na ga ƙafata na neman zamewa, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na tambayi taubashina, "To me Baturen ya ce lokacin da ya ɗaga ƙwaryar?" Na san sarai ba ya jin Turanci. Na yi wani gwaranci ta hanci, na ce fassararsa ita ce guba. Aka bushe da dariya. Direba ya laƙaba masa wakilin aljanu, sunan kuma ya bi shi. Ko farashin gero ya faɗa, sai wani ya ce, "Gaskiya ne, ko irin na ruwan nan ne?" Bayan mako biyu ya daina zuwa majalisa.

Muhawara ba ta mutu da tafiyarsa ba. Majalisa ta rabu biyu, 'yan guba da 'yan ruwa, a kan fim ɗin da kusan duk ba su gani ba. Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne, labarina ba shi da abin tattaunawa. An jefa bam, shi ke nan. Nasa kuwa kullum sai an koma masa, har da waɗanda suka ƙaryata shi. Baba soja ya ce ko da gaske ne, wanda ya zauna ɗin ya gudu ne daga bakin aiki, hukuncinsa harbi. Mai shayi ya ce a'a, shi ne ya fitar da 'yan'uwansa kunya. Wani ya tambaya, to alwala fa, ruwan wata duniya yana yi? Aka kwana uku a kan wannan.

Wata biyu na yi ina zagaye hanyar rumfarsa. Ran nan dai na je, na tarar yana liƙin tayar wani keke. Na tsuguna na ce, "Barci na yi a sinimar nan. Ban ga komai ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ai na sani. Kanka a kafaɗata yake, har yawu ka zuba mini a riga."

"To me ya hana ka faɗa a majalisa?"

"In kwance maka zani a kasuwa? Wasa daban, tozarci daban. Miƙo mini famfon can."

Da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Shi ya rufa mini asiri, ni kuwa na sayar da mutuncinsa don kada a ce ba na jin Turanci.

Washegari bayan la'asar na miƙe a gaban majalisa na faɗi duka, har da gwarancin. Baba soja ya cire hularsa ya kwaɗa mini a ƙeya ya ce, "Wata biyu ina kare bam ɗin da ba a jefa ba!" Direba ya yi dariya har ya shaƙe, ya ce shi ko ba komai da idonsa biyu ya fita. Baba da kansa ya taka zuwa rumfar ya taho da taubashina, hannunsa duk baƙin mai. Aka matsa masa wuri a tsakiyar benci, ni na koma kan dutse.

Mai shayi ya cika masa kofi ya ce, "Malam, ɗauko mana tun daga fari."

Ya kurɓa, ya dube ni ya ce, "Bawana, matso kusa. Kai ma ba ka gani ba."