Jan Fentin Saratu

Shekara goma ke nan da muka binne yayata Saratu, amma har yau idan motar Sabon Tasha ta bi da ni ta Trikania sai na leƙa ta taga ina neman bangon gidanta.

Saratu ta ƙare ƙuruciyarta a tsaye gaban inji a wata masana'anta a Kudenda. Da guminta ta sayi fili, ta ɗora ɗaki uku da falo, ta sa sunan 'yarta tilo Rahila a takardun. Da ciwo ya fara cin ta, sai ta sayo jan fenti ta rubuta a bangon waje da hannunta: GIDAN NAN BA NA SAYARWA BA NE. Na yi mata dariya, na ce wa zai sayar da gidan yarinya 'yar shekara takwas ubanta na raye? Ta ci gaba da rubutunta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ta san wanda ta aura.

Mijin nata, Bitrus, dattijo ne a coci, mai baki kamar zuma. Ranar jana'iza ya yi kukan da sai da maza suka rirriƙe shi. Ba a gama kwashe kujerun makoki ba ya fara cewa abin ɗa ai na ubansa ne. Ɗakin Rahila ya fara zuba wa ɗan haya. Daga nan ya kawo mini ita wai ta yi hutu, hutun da bai ƙare ba har yau. Mun dai ba kura ajiyar nama.

Wata lauya a cocinmu ta gaya masa ido da ido cewa yaro ƙarami ma yana da dukiyarsa, uba mai riƙo ne kawai, ba ya sayarwa don ya ga dama. Ya gyaɗa kai ya ce amin, kamar addu'a aka yi masa.

Kun san al'adarmu a wannan ƙetaren kogi, Kirsimeti na matsowa kowa sai ya yi wa gidansa fenti. Bitrus ma ya yi, amma bango ɗaya tak ya shafa, wanda ke da rubutun. Da yake rowa ta yi masa katutu, fenti mafi arha ya saya, ya kuma tsinka shi da ruwa. Damina na sauka jan rubutun Saratu ya sake ɓullowa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, yana shafewa a Disamba, ruwan Agusta na tona shi. Dillalai sun sha kawo masu saye, su tsaya su karanta, su koma mota ba sallama. Ban taɓa ganin namijin da ya rena kansa irin wannan ba, ƙato da gemunsa yana kokawa da rubutun matacciya, kuma kullum shi ake kayarwa.

Ina yawan tunanin abin da Saratu za ta ce da ta ga yau. Mamaki dai ba za ta yi ba. Ina jin fentin za ta duba, ta yi tsaki ta ce ko a mugunta mutumin nan ba ya iya kashe kuɗi.

Ba ta bar suna a jarida ba, hotunanta ma sun koɗe. Abin da ya rage nata shi ne gidan da kuma yarinyar. A watan jiya Rahila ta cika sha takwas. Ta sayi jan fenti, na raka ta Trikania, ta bi haruffan uwarta ɗaya bayan ɗaya. Bitrus ya fito da tawul a wuya yana huci.

"Ke! Wa ya ba ki izinin ɓata mini bango?"

Ta sauke buroshin, ta rusuna ta gaishe shi yadda uwarta ta koya mata, sannan ta ce, "Baba, bangon wa?"