Ummaru Fenta da Buhu Mai Ƙwaya Ɗaya

Da azumin bana Yaya Ummaru ya cika shekara bakwai da rasuwa. Wanda ya zauna Birnin Kebbi lokacin da aka ba mu jiha wataƙila zai tuna shi: Ummaru Fenta, dogo mai tsagen Kabawa, wanda ke da rumfa a bakin hanyar Badariya yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce autar ɗakinmu. Ina aure a Argungu, sana'ata gyaran shinkafa.

A wancan lokacin aiki ya yi masa yawa, don kowa na buɗe shago, kowa na son allo. Al'adar masu ba da aikin kuwa ɗaya ce: tunda mutum ya biya kuɗin allo sukutum, to sai a cika masa shi baki da baki. A sa suna, a sa kirari, a sa fure a kowace kusurwa, in akwai sauran wuri a zana zaki. In mai allo ya ga fili ko tafin hannu, gani yake an cuce shi. Haka Yaya yake yi, kuma ya iya.

Maƙwabcin rumfarsa yana sayar da injinan ban ruwa na Japan, waɗanda manoman rani na Augie da Ambursa ke saye. In an ɗauki inji sai a yar da kwalin. Yaya ya riƙa tsince kwalayen nan yana jingina su a bangon rumfa, har mutane suka fara cewa ko zai koma sayar da bola ne. Wata rana na je birni asibiti, na biya ta wurinsa, ya jawo ɗaya ya ajiye a gabana. Kwali ne fari fat. Alama ɗaya ce ja a gefe, ƙarama, sai 'yan baƙaƙe a ƙarƙashinta. Shi ke nan.

Ya ce, "Dubi nan, Auta. Mutanen ga ba su tsoron hili."

Na ce, "Ko dai fenti yaƙ ƙare musu?"

Ya yi dariya ya shafa kumatunsa. "Mu Kabawa ko huska ba mu bar ma hili ba, balle allo. Amma tsaya can bakin titi ki hango. Wane kika gani da hwari, kwalin ga ko allon mai shayi?"

Na je na tsaya. Kwalin na fara gani. Allon mai shayin shi da kansa ya rubuta shi, da launi kusan shida.

Akwai kuma wata kalanda da mai injinan ya ba shi. Kowane shafi reshen itace ɗaya ne ko tsuntsu ɗaya, an tura shi can gefe, sauran takardar babu komai. Shekarar kalandar ta wuce amma bai cire ta ba. Bai taɓa ganin ɗan Japan ba, bai iya karanta baƙi ko ɗaya na rubutunsu ba. Abin da ya fahimta da ido ya fahimce shi: cewa alama ba ado ba ce, shaida ce, kamar wadda ake yi wa raƙumi don a san na wane gida ne tun daga nesa. Ya gwada wa masu shaguna biyu irin wannan allon. Dukansu suka mayar masa suka ce ya ƙarasa aikin.

A shekarar ne likita ya ce ɗiyata Dije tana da sikila, ko yaye ta ban yi ba. Maigidana Malam Bawa manomi ne, abin da ya samu a fadama shi muke ci. Maganin yarinya, da kuɗin mota zuwa asibiti, da jini in ta kama, duk daga shinkafar da nake gyarawa suke fitowa. Ina jiƙa ta, in turara, in shanya, a kai inji, sannan in zauna da faifai in tsince tsakuwa har idona ya yi ruwa. Amma in dillalinmu Alhaji Manu ya kai ta kasuwar Birnin Kebbi, sai buhuna ya shiga cikin buhunan kowa. Mai tsakuwa da marar tsakuwa farashi ɗaya.

Yaya ya zo Argungu duba Dije, na yi masa wannan kukan. Da ya sake zuwa sai ga shi da guntun kwanon rufi, ya yanke siffar ƙwayar shinkafa a tsakiyarsa, tsawonta kamar tafin hannu, ta ɗan karkace. Ya shimfiɗa farin buhu a tsakar gida, ya ɗora kwanon can ƙasa ta gefen dama, ya dangwala soso a jan fenti ya danna. Ya ɗaga. Sai ya fara wanke hannu.

Inna, surukata, tana zaune a bakin ɗakinta. Ta ce, "Ummaru, ka gama ke nan?"

"Na gama, Inna."

"Kai ɗan nan, wa ka sayen buhun da yac ce ƙwaya guda ta ciki? Ko sunan ƙanwar taka ba ka sa ba?"

Malam ya ce, "Ƙila sai an ƙara mishi goro shi ƙara muna ƙwaya ta biyu."

Yaya ya ce, "Malam, masu sayen shinkafa yara suka aikawa kasuwa. Yaro ba shi karanta suna. Ku bar shi hakanan wata ukku, in ba ta tahi ba ni da kaina ni ka zana muku zaki."

Ba a zana zakin ba. Matan ma'aikatan da suka taso daga Sakkwato da sabuwar jiha su suka fara aike, a sayo musu mai ƙwaya ɗaya. Alhaji Manu ya ware wa buhunana gefe guda a rumfarsa, ya ƙara musu farashi. Yaya ya ga farkon wannan kawai. Azumi na zagayowa zazzaɓi ya kwantar da shi, bai yi mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu in na shiga birni nakan tambayi kaina me zai ce. An buɗe wuraren da ake buga allo da kwamfuta, launin da mutum yake so duk akwai, kuma ba a jiran fenti ya bushe. Ina jin zai je ya tsaya ya kalli na'urar, don mutum ne mai son ganin sabon abu. Amma ina jin zai ce cikawar ta ƙaru ne kawai. Kayan Japan kuwa har yanzu nakan duba kwalinsu in maƙwabta sun sayi rediyo ko injin niƙa. A idona rubutun ma raguwa yake yi. Na jabun ne ke zuwa da taurari da zinariya a kowane gefe.

Bara ne abin ya taɓa ni. Wasu masu gyaran shinkafa suka fara buga ƙwaya ja a buhunansu. Wata ta sa biyu, wata ta kewaye tata da fure, wani ya rubuta "asali" a sama. Ciniki ya ɗan ja baya, kuma da damina ciwon Dije ya tashi har aka ƙara mata jini. Ni mace ce mai yawan fargaba, in yarinyar ta yi tari sau ɗaya sai in fara tunanin buhu nawa ya rage. Malam ya ce tunda an kwaikwayi alamar, mu wuce su gaba ɗaya. Ya je birni aka bugo mana sababbin buhuna: kore da rawaya, ga hoton gona, ga kifi, ga rana tana fitowa, ga sunana da manyan baƙaƙe. Gaskiya sun yi kyau. Inna har guɗa ta yi. Na zuba shinkafar kaka a ciki na aika.

Kasuwa biyu bayan haka Alhaji Manu ya yi sallama a zaure, ya ce a kira masa uwar Dije.

"Wata Hajiya taz zaka da kanta, tana biɗar mai ƙwaya guda. Nic ce ga ta nan, buhu anka sake. Tad dube ni tac ce, Alhaji, da girmanka? Tay yi tahiyatta. Su huɗu ke nan. Ni dai na hwaɗi miki."

Na ce, "To ba su ga sunana ba?"

"Wa yas san sunanki, ɗiyata?"

Shekara bakwai suna cin shinkafata, babu wanda ya san sunana, kuma ba su taɓa buƙatarsa ba.

In na auna abin da ya rage na Yaya Ummaru, ba shi da yawa. Allunan da ya rubuta an shafe su an buga sababbi. Rumfarsa mai faci ne a ciki yanzu. Bai bar ɗa ba, hotonsa ma ɗaya ne, yana wurin matarsa da ta yi wani aure. Abin da ya rage shi ne wata yarinya 'yar shekara takwas a Argungu da ba a taɓa rasa maganinta ba, saboda wani mutum ya tsaya ya kalli kwalin da aka yar, ya yarda da abin da idonsa ya gaya masa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Na roƙi Alhaji Manu ya dawo mini da kayan. Na farke bakin buhunan ɗaya bayan ɗaya, na juye shinkafar cikin farare, na buga musu ƙwayarsu, suka koma kasuwa, kafin sati suka ƙare. Masu launin kuwa Malam ya ce ba za a yi asararsu ba. Na tsaga su na ɗinke su wuri ɗaya, suka zama babbar shimfiɗa. A kanta nake shanyar shinkafa yanzu, sunana yana kallon ƙasa.