Mukarrama, Mai Sa Tsofaffi Zare Ido

Alhaji Ashafa, shugaban kwamitin asibitin idonmu, kai ka kulle ɗakin hoton ido, kai ka mayar da Mukarrama sito tana jera kwalayen magani, wai tana da nawa. Ni Hindu ta Janfalan na faɗa. Ban yi boko ba, baki na bayar aka rubuta, na kuma ce kada a sassauta mini ko kalma ɗaya. Amma dakata tukuna, bari mutane su fara sanin wadda ka taɓa.

Kafin masu rake su fara lodi a bakin titi, Mukarrama ta share ɗakinta, ta yaye ƙyallen da take lulluɓe na'urarta da shi, tana goge ta a hankali kamar mai wankan jariri. Na'urar nan, haɓa ake ɗorawa a leƙa, sai a ga zobban haske wani cikin wani, kamar saƙar faifai. Ita ke ɗaukar hoton fatar nan mai sheƙi da ke saman baƙin ido, inda ta yi tudu, inda ta kwanta. Da hoton likita yake sanin ɗan gilashin da zai sa wa mutum in ya cire masa yana, da wajen da zai tsaga. In hoto ya karkace gani ya karkace, ido kuwa ba riga ba ne balle a warware ɗinki.

To ga inda wuyar take. Mu matan da, tun muna ƙanana aka hana mu zare wa mutane ido, da sunkuyar da kai muka tsufa. In za mu asibiti kuma, wanka muke yi mu rangaɗa kwalli kamar masu zuwa suna. Wata ma ta yi kwanaki tana ɗiga zuma. Ita kuwa na'ura ido take so wankakke, a buɗe, yana kallon gaba.

Ranar da aka kai ni, Mukarrama ta dube ni ta ce, "Inna, wannan kwalli haka, zance kika zo wurin likita?"

Na ce, "Ke 'yar nan ki kiyaye ni, na yi jika da ke."

Ta durƙusa ta wanke mini da auduga tana ba ni haƙuri. Na ɗora haɓa, idona ya ƙi barin ƙasa.

"Inna, kin taɓa shanya tsaba akuyar maƙwabta ta faɗa ciki?"

"Sau nawa!"

"To ga ta can tsakiyar hasken. Harare ta. Yawwa! Kar ki ƙifta, Inna, ci take yi."

Dariya ta ƙwace mini, hoton ya lalace, muka sake. Da ta duba sai ta ce idon ya bushe ya yi kaushi, me nake sawa? Na ce zuma. Ta kai wa likita, aka ba ni maganin ɗigawa, aka ce in je in dawo. Allah ya sani ranar ba abin da ban faɗa mata ba. Tana ji, ta riƙe hannuna har tasha, ta ce wa direba, "Uwata ce, gaba za ka sa ta." Da na dawo hoto ya fito tas, aka yi mini idon dama. Yau ni ke tsince tsakuwa a wake da kaina.

Ba ni kaɗai ba ce shaida. Malam Safiyanu na Gazara, mai makarantar allo, kansa rawa yake yi don tsufa. Mukarrama ta tallafe masa ƙeya da tafin hannu tana cewa, "Allah gafarta Malam, ja mana Ƙulhuwallahu a zuci," har ya natsu ta ɗauka. Yanzu shi ke duba allon ɗalibansa, ba a karanta masa. Gambo direba na Kudan kuwa ya ƙulla tafiya birni a kankare masa ido ya huta da tabarau. Ta ce ya tsaya a duba tukuna. Likita ya ga saman baƙin idon ya yi tsini, ya ce ba idon kankara ba ne. Gambo ya fita yana huci, ga shi nan da tabaransa yana tuƙi lafiya.

Ke ce, Mukarrama, fitilar tsofaffi. Ke ce kika sha zagin sa'o'in iyayenki ba ki rama ba. Shekaru kina leƙen idanunmu har naki ya fara neman gilashi, ba wanda ya taɓa kiran sunanki a taro. Na gode, 'yar nan. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya haskaka miki gobe. 'Yan matan da ke koyon aikin asibiti, ku je sito ku same ta, ku koyi haƙuri a wurinta.

Yanzu na dawo kanka, Alhaji. Da aka zo aikin ido kyauta, so ka yi layi ya ƙare kafin manyan baƙi su iso. Ta ce ba za ta miƙa hoton da bai fito ba, ta mayar da wasu gida da magani. Laifinta ke nan. Ka cire ta, ba ka kawo wani ba, ɗakin yana rufe. Likita ya ce ba zai taɓa idona na hagu ba sai da hoto, ga shi kullum hazon ƙaruwa yake yi. An ce in tafi Zariya. Da waɗanne gwiwoyin? Kuma a baya na akwai tsofaffin da duka biyun ne suka rufe.

Ranar kasuwar Makarfi za mu zo ƙofar ofishinka, mai ido ɗaya tana jan marasa ko ɗaya. Ka fito da mabuɗi a hannu, ka faɗa mana a gaban jama'a wanda ya ba ka izinin barin mu a duhu.