Maganin Aman Mijin Yayata

Mijin yayata ya taɓa yin shara wata shida a gidan likita na Gidan Rumji, tun daga nan ya zama dokta. Ko akuya ce ta yi tari sai ya faɗi sunan ciwon da Faransanci.

Wata ranar kasuwar Cadakori Baba ya faɗo daga amalanke, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Ya tashi da ƙafarsa, har ya ɗaure jakin da kansa. Bayan la'asar ya fara amai, yana cewa kamar ana daka a cikin kansa.

Na ce a nemo mota. Sai ga dokta, salula a hannu.

"Ke ban da allon lakol me kika sani?" in ji shi, don ni malamar makarantar boko ce. "Turawa sun yi bincike, maganin amai yana saɓe kumburin ƙwaƙwalwa. Ga shi an turo mini."

"Yaya, wa ya turo?"

"Wani babban mutum."

Babban mutumin nan tayoyi yake sayarwa a Maradi.

Inna ba ta iya musu da suruki, ni kuma an ce in yi shiru. Ya sayo ƙwayoyi wurin mai talla a faranti, waɗanda rana ta gama gasawa. Amai ya tsaya. Dokta ya zauna ƙofar gida yana karɓar barka kamar wanda ya dawo daga Makka.

Kwana biyu Baba yana ta barci. Da ya farka ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu, ban ƙara shawara da kowa ba, na ɗauko mota.

A gidan likita Majo, shugaban masu jinya, ya juya ƙwayoyin a tafinsa.

"Malama, ana irin wannan bincike, amma ba a gama ba, kuma ba kowane maganin amai ba ne. Aman nan gargaɗi yake muku, kuka toshe masa baki."

Ya tura mu Maradi. Hoton kai ya nuna jini ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Baba ya rayu, amma hannunsa na hagu bai sake riƙe hauya ba.

Dokta ya zo dubiya da lemo uku. Ya dubi masu jinyar gadon kusa ya ce, "Ba don ƙwayoyina ba, da bai iso nan da rai ba." Baba ya juya fuska bango.

Har yau haka dokta yake ba da labarin a wurin suna, ana gyaɗa kai. Gonar Baba kuwa ni da yayata muke nomawa. Shi dokta wai bayansa na ciwo.