Hayaƙin Dalma a Tsakar Gidanmu

Mijina ya gaji sana'ar tsofaffin ƙarafa daga mahaifinsa. Mahaifin nasa mutumin Haɗejiya ne, ya zo Nguru tun jirgin ƙasa yana ɗaukar gyaɗa da fatu, ya kama fili kusa da tasha yana sayen duk ƙarfen da ya gama aiki, daga garmar shanu da bakin gatari har mataccen injin niƙa. In sun taru sai a loda wa jirgi zuwa Kano, inda wani kamfani yake narka su ya fitar da rodin gini. Lokacin da aka kawo ni gidan daga Gashuwa, tsohon ya rasu, jirgin ma ya fara ɗauke ƙafa, manyan motoci ne suke kwasar kayan.

A gidan manoma shinkafa na tashi, ban san komai game da ƙarfe ba. A bakin mijina na ji yadda kamfanin yake girma. Da fari baƙin ƙarfe kawai suke karɓa. Daga baya suka buɗe ɓangaren jan ƙarfe da alminiyam. Bayan an haifi 'yarmu ta biyu, sai suka aiko cewa suna son dalma, wannan ƙarfe mai nauyi da taushi da ke cikin batirin mota. Direbobi ba sa son ɗaukar batir da ruwansa, don yana cin gindin mota. Saboda haka wanda ya narka dalmar ya kai ta a dunƙule, shi ake fara saurara.

Mijina ya fara narkawa a filin tasha, sai masu sayar da abinci suka yi ƙorafin hayaƙi. Shi kuwa mutum ne da ba ya son a ce ya takura wa kowa. Sai ya kwaso aikin ya kawo gida, bayan madafi.

Na iya aikin da ido. Zai fasa batir da gatari, ya tsiyaye ruwan a rami, ya zare farantan ciki ya zuba a kaskon ƙarfe bisa gawayi. Yana juya zuga-zugin da ya haɗa da ƙafar keke, har abin ya narke ya yi sheƙi, ya kwashe dattin sama, ya zuba a ramukan da ya haƙa a yashi. Hayaƙin ba shi da duhu. Wani zaƙi-zaƙi yake bari a maƙogwaro, kuma da yamma sai ka ga farin gari ya kwanta a kan ganyen darbejiya da murfin tukunya.

A gidan mai ƙarafa ba a zubar da komai. Akwatunan batir ɗin, in an wanke, sun fi kowane kwano ƙarko. Ɗaya muka sa wa kaji ruwa, biyu muka kifa muka ɗora randa a kai, ɗaya ina ajiye kanwa. Maƙwabta har aikowa suke a ba su.

Ba wai bai san hayaƙin da illa ba. Duk masu narka ƙarfe sun san maganinsa, a cewarsu: nono. In ka gama aiki ka sha ƙwarya guda, ya wanke ciki. Akwai wata Bafulatana da take kawo mana kindirmo kullum da hantsi, suna wasa da shi.

"Kaɗo, kai ne za ka ƙarar min da shanu," in ji ta.

"Inna, ki rage ruwan da kike ƙara wa nonon, sai shanun su huta."

"Ruwan rijiyarmu ya fi hayaƙinka tsabta."

Kaji ne suka fara. Sai ka ga kaza tana tafe tana tangaɗi, wuyanta ya karkace, kafin la'asar ta mutu. Na sake sayo wasu, suka bi sahu. Na nuna masa, ya ce, "Maman yara, kaza ai ba ta neman dalilin mutuwa." Na yi dariya don ya yi, amma kajin maƙwabciyata Babarbariya, da katanga ɗaya ta raba mu, lafiyarsu ƙalau.

Wata rana cikin bazara wakilin kamfanin ya zo daga Kano don ya ga inda ake narkawa. Mijina ya yi murna ƙwarai, ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Na aika da ruwa mai sanyi a kwanon sha, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Da za su shigo ciki aka yi sallama, na koma ɗaki ina kallo ta labule.

Dattijo ne mai natsuwa. Kafin ya ƙarasa bayan madafi ya ciro wani abu daga aljihu ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu. Ya dubi kaskon, ya dubi ramin, sannan ya juyo ya tsaya a gaban randarmu. Ya daɗe yana kallon abin da ke ƙarƙashinta.

"Malam, ruwan da aka kawo min daga nan yake?"

"Daga nan yake, ranka ya daɗe. Randar Gashuwa ce, ta fi firij."

"Yara nawa ne a gidan?"

Mijina ya faɗa masa. Dattijon ya ce a can wurinsu, mai aikin dalma ba ya komawa gida da rigar da ya yi aiki, sai ya yi wanka ya sauya, kuma ba a cin ko goro a wurin. Ya ce gara a kai musu batir ɗin ba a fasa ba, ko da ribar za ta ragu.

"Ai muna shan nono," in ji mijina.

"Nono abinci ne, Malam. Ba ya fitar da ita."

Da suka tafi aka dawo min da kwanon sha cike, ko kurɓa bai yi ba. Tun da nake ban taɓa ganin baƙon da ya yi tafiya daga Kano cikin wannan zafi ya ƙi ruwa ba. Na tsaya riƙe da kwanon, ina jin 'yan matana suna wasa a gindin darbejiya.

Mijina kuwa abin da ya tsaya masa a rai daban ne. "Ya raina gidana," ya ce. "Ko maƙiyi ka ba shi ruwa yana taɓa baki."

"Baban yara, ba raini ba ne. Tsoro ya ji."

"Mutanen ofis da inuwarsu ma tsoro suke."

A ranar na sauke randar, na fitar da akwatunan. Na roƙe shi ya bar narkawa. Ya ce in bari damina ta faɗi, akwai masuntan Dagona da ya yi wa alkawarin dalmar da suke ɗaura wa bakin koma, kuma ba zai saɓa ba. Da damina ta faɗi ya ce sai kaka. Na kai yaran Gashuwa wurin yayana da sunan hutu, ban dawo da su ba. Bai hana ni ba, bai kuma tambaye ni dalili ba, wannan ya ƙara tsorata ni.

Ciwon ciki ya fara kama shi, irin wanda yake naɗe mutum a ƙasa. Ya ƙara ƙwaryar nono ta zama biyu. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba ya koma faɗa a kan an motsa masa takalmi, sannan ya manta ya yi. In ya yi murmushi ina ganin wani layi baƙi-baƙi a dasashinsa. Na shiga lura da shi kamar yadda ake lura da jariri: yadda yake taka ƙasa, yadda yake riƙe cokali. Kullum da safe kafin in gaishe shi hannunsa nake fara kallo.

Wata safiya ya ɗauki buta zai yi alwala, ta suɓuce. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Hannun damansa ya lanƙwashe daga wuyan hannu, ya ƙi miƙewa. Ya zauna a kan turmi yana kallonsa.

"Kira min ƙanina," ya ce a hankali. "A kwashe kaskon nan."

Aka kwashe. Daga ranar bai sake hura wuta ba, batir kuma a rufe ake loda shi zuwa Kano. Na sa rai, don ciwon cikin ya lafa, har ya koma zama a filin tasha yana duba sikeli. Amma kafin shekara ta zagayo ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika, fitsari ya ragu. A asibitin Nguru likita ya tambayi sana'arsa. Da na faɗa, ya ajiye biro ya ce ƙoda ce, duka biyun. Na tambaye shi ko dainawar da ya yi za ta taimaka. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu.

Kwanakinsa na ƙarshe ba ya yawan magana. Ranar da yayana ya kawo yaran, ya sa na ɗaga masa kai, ya ce wa babbar ta buɗe baki. Ya duba dasashinta, ya duba na ƙaramar, ya sa suka miƙa hannuwa suka juya su sama da ƙasa. Sannan ya koma ya kwanta.

"Alhamdu lillahi. Maman yara, kada ki mayar da su gidan nan."

Ya rasu ranar Laraba bayan azahar. Allah ya jiƙansa. Da na gama takaba na koma Gashuwa, a can yaran suka girma.