Tsohuwar da Ta Yi Ta Zagina a Gadon Asibiti

Lokacin ina sabuwar nas a wani asibiti a Daura, ga ƙuruciya ga saurin fushi. Aka kawo mana wata tsohuwa daga wajen Sandamu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Duk sanda na matso zan juya ta ko in ba ta magani, sai ta dube ni ta ce "shegiya", a gaban masu jinya da 'yan dubiya. Wasu su ƙunshe dariya, ni kuwa in shige ofis in yi ta kuka.

Da na gaya wa maigidana, ya ce zagi laifi ne a doka, kuma ba a ɗauke ni aiki don a ci mutuncina ba. In ban kai ƙara ba, shi zai je wajen 'yan sanda. Na goyi bayansa. Na riƙa kauce wa gadonta, har bayanta ya fara gyambo saboda rashin juyi.

Shugabarmu, wata dattijuwa mai sanyin hali, ta kira ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce lallai doka tana kare mu, ita ma ta taɓa sa an kama wani lafiyayye da ya zage ta har ya ɗaga mata hannu. Amma irin wannan ciwo yakan kwashe wa mutum magana, ya bar masa kalma ɗaya da ba shi ya zaɓa ba. Ta haɗa ni da babbar 'yar tsohuwar, wadda ta rantse mini uwarsu ko akuya ba ta zagi, kuma ita ke sasanta rigima a unguwarsu.

Na koma cike da kunya, na wanke mata ciwon, na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta kamo hannuna da hagunta ta ɗora a kumatunta, ta sake faɗin kalmar a hankali, hawaye na zuba. Har aka sallame ta ba ta samu wata kalmar ba, amma ba ta yarda ta ci abinci sai ina kusa. Da Allah ya yi mata rasuwa na je gaisuwa, 'ya'yanta suka zaunar da ni cikin dangi.

'Yan'uwana ma'aikatan jinya, kada ku haɗiye wulaƙancin mai cikakken hankali, ku nemi haƙƙinku. Sai dai ku fara dubawa, mutum ne yake zagin ko ciwo. Da na biye wa fushina, da na kai baiwar Allah ƙara kan abin da ya fi ƙarfinta, da kuma na yi asarar uwa.